Na sauke motata, yanzu tana buga ƙasa

Tambaya: Na sa wa motata amortisa (ƙarfen da ke rage wa mota girgiza) mai zare a jiki, irin wadda ake kira coilover, na sauke ta don ta yi kyau. Yanzu ko ɗan rami na faɗa a hanyar kasuwar Dole sai in ji "gam!" Me zan gyara? Daga wani mai karatu a Zango, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton da zoben da ke tallafe da resor, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, ka sauke ta. In aka yi haka, sandar amortisa takan nutse tun mota na tsaye, sai ya zama ba ta da sauran wurin motsi. Ƙarar da kake ji, robar da ke tare amortisa in ta nutse har ƙarshe ce ake duka.

Duba ƙasan amortisar. In akwai wani zare daban a ƙafarta, can ake rage tsayi ko a ƙara. Zoben sama kuwa, wato na resor ɗin, ɗaga motar har taya ta bar ƙasa, ka murza shi sai ya taɓa resor, sannan ka matse gwargwadon abin da takardar kamfanin ta ce, galibi milimita kaɗan ne. Ka tokare motar da ƙarfe, don Allah kar ka shiga ƙarƙashinta da kiriki, abin ɗaga mota, kaɗai.

Awo a kan siminti mai daidai ake yi, ba a yashin ƙofar gida ba. Auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, hagu da dama su zo ɗaya, ka zaga unguwa ta zauna, ka sake aunawa. Ni dai ba na son a sauke mota fiye da santimita 2 ko 3 a nan. Wanda ke bin hanyar Tanut ma ya bar ta yadda kamfani ya yi ta.

Sai tsayi ya daidaita za ka taɓa maɓallin tauri, wanda ke ƙara wa amortisa tauri ko laushi. Murza shi zuwa ƙarshen tauri ba tare da tilastawa ba, ka dawo tsakiya kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin, daga nan ka riƙa canza biyu-biyu kana gwadawa a hanya ɗaya.

Ƙurar hunturu ce ke kashe zaren nan. Goge shi da buroshi kafin ka murza, kar ka cika masa giris, yashi yake kamawa. Da ka gama, ɗaure zoben kulle, wanda ke hana zaren warwarewa, ka kai ta a daidaita tayoyi, in ba haka ba za su cinye ta gefe ɗaya.