Likita, Wannan Ciwon Fatar Kuturta Ce? Amsoshi a Kan Soriyasis

Da hunturu ya kama a Jos, saƙonnin ciwon fata sukan yi yawa. Na wannan makon kusan duk a kan soriyasis suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ke nan wasu tabo masu kauri suka fito wa maigidana a gwiwar hannu da ta ƙafa da gadon baya, suna zubar da farin ɓawo. A asibiti an ce soriyasis ne, amma surukata ta ce kuturta ce, har ta sa an ware masa kwano da buta. Ni da yara za mu iya ɗauka? Daga wata uwargida, Gangare.

Amsa: Wa'alaikumussalam. A mayar masa da kwanonsa cikin na gida yau ɗin nan. Ba a ɗaukar soriyasis ta musabaha, ko tufafi, ko kwanciyar aure, domin babu wata ƙwayar cuta a cikinsa balle ta tsallaka jikin wani. Garkuwar jikin mai ciwon ce ke rikicewa, ta riƙa ingiza fata ta sabunta kanta da gaggawa. Lafiyayyar fata takan ɗauki kimanin kwana 28 kafin sabuwa ta maye tsohuwa, amma inda ciwon ya kama, cikin kwana 3 zuwa 5 ake yin haka. Sai fatar ta taru ta yi tudu tana ɓarewa. A jikin Bature ja yake yi. A baƙar fata irin tamu yakan yi duhu ko ruwan toka, shi ya sa ake rikita shi da makero.

Ki yi wa Hajiya bayani cikin ladabi: tabon kuturta haske yake yi, kuma wurin mutuwa yake, a goga auduga mutum bai ji ba. Na maigidanki kuwa yana ji, har ƙaiƙayi yake masa. Tun 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya soriyasis cikin manyan cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Yana bin jini a wasu gidajen, amma mafi yawan yaran da ɗaya daga iyayensu ke da shi ba sa yi. Ƙyamar da ake nuna masa kuma tana da illa, don damuwa na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Ya ci gaba da zuwa asibiti.

Tambaya: Me ya sa nawa ke lafawa da damina ya dawo da hunturu? Daga wani ɗalibi, Farin Gada.

Amsa: Busasshiyar iska ce, ga sanyin gari mai tudun kusan mita 1,200. Yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kada ya wuce minti 10, kuma ban da dirza da soso. Kafin jiki ya gama bushewa ka shafa man kaɗanya ko basilin, ka ƙara da rana da dare. Sa rigar auduga a ƙarƙashin suwaita. Minti 10 zuwa 15 a hantsi yana taimaka wa mafi yawa.

Tambaya: Likita, wata takwas ke nan wani mai kemis yake min allura duk wata, da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi. Cikin mako guda jikina ya yi fes. Amma fuskata ta kumbura, nankarwa ta fito min a ciki. Kwana goma da suka wuce na daina sha. Yanzu duk jikina ya ɗauki zafi yana saɓa, ga ƙananan ƙuraje masu mugunya, ga rawar sanyi. In koma a min allurar? Daga wani ɗan kasuwa, Bukuru.

Amsa: Malam, kada ka koma. Ka tafi sashen gaggawa na babban asibiti yau, kada ka jira ranar ganin likitan fata. Ka tafi da kwalaben allurar da sauran ƙwayoyin in suna nan.

Bisa bayaninka, magungunan sitiroyid ake ba ka: allurar triamcinolone, da ƙwayar dexamethasone ko prednisolone, irin wadda ake zubawa cikin "sha ka fashe". Suna danne garkuwar jiki baki ɗaya, shi ya sa fata ke washewa kamar an share. Ciwon yana nan, an dai taka shi ne. Ranar da aka ɗaga ƙafa sai ya taso fiye da da, wani lokaci ya rikiɗe ya zama mai mugunya ko ya mamaye jiki duka. Fata ita ce ke riƙe wa jiki ruwa da ɗumi, ta tare ƙwayoyin cuta. Idan ta saɓe daga kai zuwa ƙafa, ruwa na tsiyayewa, ɗumi na fita, ƙofa a buɗe take ga kowace cuta. Wannan yana kisa, balle a sanyin Disamba.

Akwai hatsari na biyu. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki sitiroyid nasa na asali. In aka daɗe ana ɗura na waje sai ta yi barci. Aka yanke na wajen farat ɗaya kafin ta farka, jini na iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai ya sume. Saboda haka duk mai karatu da ke kan waɗannan ƙwayoyin a yanzu, kada ya karanta wannan ya watsar da su a daren nan. Ya je likita ya riƙa rage masa a hankali cikin makonni. Kumburin fuska da nankarwa somin taɓi ne: bayansu akwai ciwon sukari, hawan jini, da lalacewar ƙashin kwatangwalo. A asibiti za a gwada maka sukari, ƙoda, hanta, har da ƙanjamau. Kada ranka ya ɓaci, ƙa'ida ce ga duk wanda ciwon ya tsananta masa haka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, sitiroyid ɗin nan magani ne mai kyau ga soriyasis idan na shafawa ne kuma aka bi awo. Ga awon: ka matso man daga kan ɗan alinka zuwa gaɓar farko, wajen rabin giram ke nan, kuma ya isa faɗin tafin hannu biyu. A kan tabon kaɗai ake shafawa. Mai ƙarfi irin clobetasol ba ya wuce giram 50 a mako, ba ya wuce mako 4 a jere, kuma ba ya zuwa fuska, hammata ko matse-matsi. Can sai mai sauƙi irin hydrocortisone, na mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma calcipotriol, ɗan gidan bitamin D, wanda ake iya daɗewa a kai muddin ba a haura giram 100 a mako ba. Haɗin calcipotriol da sitiroyid na shafawa, sau ɗaya a rana na mako 4, yana kwantar da tabon mutane da yawa. Mayukan nan masu haɗin uku da ake saya kamar alawa, akasarinsu sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki, kuma su ne ke sirantar da fatar mutane.

Har yau babu maganin da ke raba mutum da soriyasis har abada. Ana dai kwantar da shi, wani na watanni, wani na shekaru. Wanda ya yi maka alkawarin sha yanzu magani yanzu, aljihunka ya hango. Ina ƙara faɗa, Malam: asibiti, yau.

Tambaya: An hana ni nama, ƙwai da gyaɗa. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya, Rikkos.

Amsa: Ci abinki, Hajiya. Abin da aka tabbatar yana tsananta shi shi ne ƙiba, taba da giya. Sai wasu magunguna irin su chloroquine, da na hawan jini kamar atenolol da propranolol. In kina shan na hawan jini kada ki daina da kanki, ki dai sanar da likitanki.

Tambaya: Abokan aiki sun ce in shafa man birki ko ruwan batir, wani kuma ya ce in je wanzami ya yi min tsaga. Wanne ya fi? Daga wani makanike, Dilimi.

Amsa: Haba Malam! Fatarka ce fa, ba taya ba. Ruwan batir ƙuna zai yi maka, man birki kuma guba ne. Tsaga kuwa ta fi ban takaici, domin ɗabi'ar soriyasis ce ya bi rauni: duk inda aka yanka, aka ƙona ko aka sosa da ƙarfi, nan sabon tabo kan fito bayan mako biyu zuwa uku, a miƙe bisa layin askar. Wani likitan Jamus mai suna Köbner ya bayyana haka tun ƙarni na 19. Ka biya kuɗi a shuka maka ciwon ke nan, ban da ciwon hanta da aska ɗaya ke rabawa. Je ka a duba ka.

Tambaya: Amosanin kaina ya yi kauri har yana gangarowa goshi da bayan kunne, man amosani ya ƙi yi. Daga wata matashiya, Anguwar Rogo.

Amsa: Amosani na yau da kullum bai cika tsallake layin gashi da kauri haka ba, a duba miki. In soriyasis ne, sai an cire ɓawon kafin magani ya taɓa fata. Da dare ki tsefe, ki tsaga gashin layi-layi, ki shafa man kwakwa ko man da ke da salicylic acid, ki ɗaura ɗankwali. Da safe ki taje a hankali, ban da ƙanƙara da tsinke. Ki wanke da shamfu mai kwalta, ki bar kumfar minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a mako. Bayan kai ya bushe sai maganin ruwan da likita ya rubuta, a kan fatar, ba a gashin ba. A ɗan huta da rilaksa da kitso mai ja.

Tambaya: An rubuta min methotrexate, ƙwaya 4 sau ɗaya a mako. Ba zai fi saurin aiki ba in riƙa sha kullum? Bikina ya matso. Daga wata amarya mai jiran gado, Nasarawa.

Amsa: Kul! Sau ɗaya a mako, rana guda tsayayya. Shan sa kullum yana kashe ɓargon da ke ƙera jini, kuma an rasa rayuka ta wannan kuskuren. Ƙwaya 4 masu miligiram 2.5, miligiram 10 ke nan, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ki ga aikinsa sosai. Folic acid, da ake bayarwa tare da shi, a wata ranar daban ake sha. Gwajin jini da hanta da ƙoda dole ne, akai-akai a farko, daga baya duk wata biyu zuwa uku. Kada ki taɓa haɗa shi da Septrin. Gyambon baki, zazzaɓi, busasshen tari ko haki: ki dakata ki garzaya asibiti.

Maganar bikin ta fi damuna. Maganin yana zubar da ciki ko ya nakasa jariri, kuma sai an bar shi wata uku zuwa shida kafin a ɗauki ciki. Ki faɗa wa likitanki ranar auren tun yanzu. Akwai wasu hanyoyin, kamar gashin haske na musamman sau biyu ko uku a mako inda ake da na'urar, ko ciclosporin. Akwai kuma sababbin allurai irin adalimumab, masu tsada, da sai an gwada tarin fuka kafin a fara.

Tambaya: Ina da ciwon shekara shida. Yanzu yatsana ɗaya ya kumbura gaba ɗaya, farce ya yi ramuka, da asuba gaɓoɓina a sandare. An ce sanyi ne. Daga wani dattijo, Ali Kazaure.

Amsa: Baba, wannan ya fi kama da soriyasis da ya shiga gaɓoɓi, abin da kan sami kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon. Sandarewar da ta wuce rabin awa da safe ba ta jiƙo ba ce, kuma gaɓar da ta riga ta lanƙwashe ba ta miƙewa. A karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo cikin makon nan, a nuna wa likita fatar da farcen tare da yatsan.