Amsa ga Yaya kan kwanciyar Baba bayan sallama

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki inda kike tambayar kwana nawa ya kamata Baba ya yi a kwance, tunda an sallamo shi bayan aikin ƙaba. Abin da na fahimta shi ne, kina gudun kada 'yan dubiya su tarar da shi yana tattaki a tsakar gida, su ce ba ma kula da shi. Ki cire wannan daga ranki, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin masu tiyata, na ga irin ɓarnar da doguwar kwanciya ke yi wa dattijo.

Idan mutum ya daɗe a shimfiɗa, naman cinyarsa kan zube, majina ta taru a ƙirji, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa har gudan ya tafi huhu. Ga taurin bayan gida, alhali yunƙuri shi ne babban abin da mai ɗinkin ƙaba yake gudu. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu.

Ai kun tuna Gwaggo. Da ƙafarta ta fito daga asibiti, amma aka hana ta ko ɗaukar buta, komai sai a kai mata bakin gado, duk wanda ya shigo sai ya ce ta koma ta kwanta. Na yi magana, aka ce ni yarinya ce. Bayan wata 2 sai mutum biyu sun kama ta take miƙewa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka a bar Baba ya riƙa zagaya tsakar gida na minti 5 zuwa 10, sau uku a rana, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai ga zuwa masallacin ƙofar gida. Bari in gyara: kada ya yi gaggawar ruku'u da sujada, ya yi sallarsa a zaune har likitansa ya duba ɗinkin. Kada kuma ya ɗaga bokitin ruwa ko buhu har mako 6, ko yadda likitan ya ce.

Idan ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ɗinkin ya fara zubar da jini ko mugunya, a mayar da shi asibiti nan take, sannan a kira ni.