Yaya Ake Binne Bututun Jigilar Kaya Ba Tare da Fasa Titi Ba?

Tambaya: Na ji ana batun jigilar kaya ta cikin bututun ƙarƙashin ƙasa domin rage manyan motoci a kan hanya. Yaya za a binne irin wannan bututu a tsakiyar birni ba tare da an rushe gidaje ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, haƙa ta ƙarƙashin birni ba sabon abu ba ne, domin tun daga 1927 har zuwa 2003 ƙananan jiragen ƙasa marasa direba suna jigilar wasiƙu a ƙarƙashin Landan.

Dabarar da ta fi dacewa da bututun kaya ita ce ta tura bututu. Ana haƙa manyan rijiyoyi biyu, ɗaya a mafari, ɗaya a maƙura, sannan a sauke injin haƙa a ta farko. Yayin da kan injin yake juyawa yana cin ƙasa, manyan jak suna tura shi gaba, kuma duk sanda ya yi nisa sai a sauko da wani gutsuren bututun kankare a haɗa a bayansa, a ci gaba da turawa. Mai sarrafa injin yana zaune a sama gaban kwamfuta, yana duba ɗigon hasken leza da ke nuna masa ko an kauce wa saiti. Ana kuma ɗura laka mai santsi tsakanin bututun da ƙasa domin rage gogayya, idan tafiyar ta yi tsawo a ƙara wasu jak a tsakiya. A Japan aka ɓullo da ƙananan injinan wannan aiki cikin shekarun 1970, kuma a kan wannan dabara aka tsara CargoCap na Jamus, wato wani shiri na jigilar kaya da ƙananan kekuna ta cikin bututun ƙarƙashin ƙasa, mai bututun da faɗinsa ya kai kimanin mita 2.

Akwai kuma huda mai lanƙwasa da ake bi don tsallake kogi da bututun gas, amma a ganina ba ta dace da kekunan kaya ba, waɗanda ke buƙatar faffaɗar hanya miƙaƙƙiya.

Abin da nake jan hankali a kai shi ne binciken ƙasa kafin a fara aiki, domin idan injin ya ci karo da dutsen da ba a tanadar masa haƙoran fasa shi ba, sau da yawa sai an haƙa wata rijiya daga sama kafin a ciro shi.