Kafin ka taso daga Gombe da wannan kafaɗar

Salamu alaikum ƙanena. Barka da samun gurbin digiri na biyu, Allah ya sa albarka. Maganar kuɗin haya da kayan sanyi za mu yi ta a waya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ka sako a ƙarshen saƙonka kamar ba komai ba: wata takwas ke nan da faɗuwarka a babur a hanyar Kumo, an yi maka aiki an sa ƙarfe a ƙashin dantse dab da kafaɗa, amma har yau hannun ba ya wuce daidai kafaɗa, kana jin ƙurus-ƙurus in ka juya shi, ba ka kuma iya kwanciya ta wannan ɓarin. Ka ce za ka daure ka iso Ingila a gyara maka kyauta. Ban yarda ba. Kada ka hau jirgi sai an ɗauki sabon hoto, likitan ƙashi ya duba.

Aikina a nan gashin ƙashi ne, irin wannan kafaɗar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bari in gaya maka abin da ke cikin jikinka. Kan ƙashin dantse dunƙule yake, yana juyawa a cikin ɗan faranti na allon kafaɗa. In ya karye ya rabu, sai a kwantar da ƙarfe a gefensa na waje, a ɗaure shi da kusoshi. Wanda aka fi sani sunansa PHILOS. Kan kowace ƙusa yana kulle a jikin ƙarfen, ba ta ja da baya. Ƙarfin abin ke nan, nan ne kuma matsalarsa take. Idan dunƙulen ƙashin ya ɗan zauna ko ya karkata ciki, ƙusar tana nan inda take, sai tsininta ya huda ya leƙo cikin gaɓa, kamar ƙusar da ta wuce katakon ƙyaure ta fito ta baya. Daga nan duk ɗaga hannun da ka yi, kartar guringuntsin farantin take yi. Guringuntsin gaɓa kuwa in ya cinye ba ya dawowa. Wannan ƙurus-ƙurus ɗin naka shi ya sa na ƙi maganar jira. Ba na ce ƙusa ce ba, hoto ne zai faɗa. Amma in ita ce, cire ta yau ƙaramin aiki ne, barinta shekara kuma yana iya kai mutum ga sauya gaɓar gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka don a gida aka yi aikin ne. A wani bincike da aka wallafa a 2009, an bi mutum 187 da aka sa wa irin wannan ƙarfen a asibitocin Turai. Cikin shekara ɗaya kusan kashi 34 cikin 100 sun samu matsala, kashi 19 aka sake shiga da su tiyata, kuma leƙowar ƙusa cikin gaɓa ita ce kan gaba. Yawancinsu dattawa ne masu ƙashi marar ƙwari, kai kuwa matashi ne, wannan sa'arka ce. A nan Birtaniya ma, binciken PROFHER na 2015 a kan mutum 250 bai ga bambanci ba bayan shekara biyu tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka rataye wa hannu kawai. Wannan ba ya nufin an yi kuskuren yi maka aiki, karayar babur a jikin saurayi daban take da ta tsohuwar da ta zame a banɗaki. Na kawo shi ne don ka san karaya ce mai wuyar sha'ani ko a ina.

Abu na biyu da nake tsoro ya fi yin shiru. Jinin da ke ciyar da dunƙulen ƙashin ta ƙananan hanyoyi yake shiga, karayar kuma tana iya tsinke su. Sai ƙashin ya mutu a hankali ya lotsa, wani lokaci ba ya nunawa a hoto sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Mai sikila ya fi kowa shiga wannan haɗarin, don haka ka gaya wa likita jinotayif ɗinka (AA, AS ko SS) tun bai tambaya ba. In kana taɓa sigari ko shisha, ba sai ka amsa mini ba, ka dai ajiye, suna hana ƙashi kamawa.

Sauran sun fi sauƙi. Ƙarfen yana iya zama sama kaɗan, ya riƙa gugar ƙashin da ya rufe kafaɗa in ka ɗaga hannu. Wannan sai karaya ta warke sarai, galibi bayan shekara, a cire shi. Yana iya yiwuwa kuma sandarewa ce kawai saboda ka daɗe da hannu a rataye, kuma na san ka, da wuya in ka je gashi yadda aka ce. Ka shafa gefen kafaɗar ta waje, daidai inda soja ke manna tambari: in wurin ya yi dundum ko naman ya rame, jijiya ce ta taɓu. In tabon yana ja, yana ɗumi ko yana fitar da ruwa, wannan ba na gobe ba ne, na yau ne.

Yanzu maganar "kyauta". Ɗalibi yana biyan fam 776 na kowace shekara a matsayin kuɗin lafiya tare da kuɗin biza. In ka iso sai ka yi rajista da likitan unguwa, shi zai tura ka wurin likitan ƙashi. Ƙa'idarsu mako 18, amma jerin masu jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7, kuma ƙashi yana cikin masu dogon layi. In gaggawa ce, gaskiya ba sa wasa. Tsohon ciwon kafaɗa kuwa layi zai bi. Sannan aikin da ɗalibai suke samu a awa 20 ɗin da aka yarda musu a mako, yawanci ɗaukar kwali ne a sito ko juya tsofaffi a gado a gidajen kula da su. Da wane hannu? In ma aka yi maka aikin a nan, makonni za ka yi hannu a rataye, ba mai ɗaura maka maɓalli, ba mai dafa maka ko ruwan zafi. Tun Janairun 2024 ɗaliban irin kwas ɗinka ba sa zuwa da iyali. A Gombe kuwa ƙannenka har rige-rigen kai maka ruwan wanka za su yi.

Don haka ka koma inda aka yi maka aikin, a ɗauki hoto ta gaba da ta hammata, don ƙusar da ta leƙo tana iya ɓuya a hoto ɗaya. In akwai shakka ka nemi sikanin CT da gwajin jini na kumburi. In kana son ido na biyu, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana nan. Mai ɗori kam kada ka bari ya ja hannun nan, ko waye ya kawo shi. In aka ce sai an sake aiki, ka rubuta wa makarantar ka nemi su ɗage maka shigowa, da yawansu suna yarda in da takardar likita.

Ƙarfen ba ya hana biza. Yana iya fitowa a hoton ƙirji na gwajin tarin fuka, na'urar filin jirgi ma tana iya yin ƙara, bayani kawai za ka yi. Ka dai karɓi takardar aikin mai ɗauke da sunan ƙarfen da ranar da aka sa shi, da duk hotunan tun na ranar farko, ka ɗauke su a waya kuma ka taho da na hannu. Sabon hoton yana fitowa ka turo mini ta WhatsApp, ka ɗora shi a jikin taga da rana don ya fito sosai. Ka gaishe mini da Hajiya.