Amsa ga mai tambaya kan tsarin ɗakuna da matakalar bene

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Na ga tambayarka: fili ƙafa 50 da 100 a Kano, kana so ka yi bene hawa ɗaya, iyali ɗaya da yara biyar, ga Hajiya mahaifiyarka da za ta zauna tare da ku, kuma mai zane ya sa matakala mai lanƙwasa a tsakiyar falon baƙi. Ka ce ko ya yi?

A ganina bai yi ba, kuma na daɗe ina tsayawa a kan aikin gine-gine irin wannan. Matakalar tsakiyar falo kyanta a hoto ne. Ranar da abokanka suka zo kallon ƙwallo ko aka zo gaisuwa, matarka da 'yan matanka sun zama fursunoni a sama, ko ruwa ba za su sauko ɗauka ba sai sun nemi hijabi sun ratsa ta gaban maza. Ka sa a mayar da ita falon iyali, ko lungun da ke tsakanin falon da kicin. Falon baƙi kuwa ya samu ƙofarsa daga waje da banɗakinsa. Abin da zaure yake yi a gidajen iyayenmu ke nan, sai dai yanzu an sa masa kujeru da tayil.

Kuma a fara zaunar da matakalar kafin a raba ɗakuna. Yawancin gidajen da na shiga na tarar da matakala a miƙe kamar tsani, dalilin ɗaya ne: an gama rabon ɗakuna, sai aka cusa ta a ɗan abin da ya rage. Ga lissafin. Daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama yawanci mita 3 ne. Ka raba shi taki 18, kowane taki ya tashi kusan inci 6 da rabi. Kada ka yarda ya haura inci 7. Inda ƙafa take sauka kuma ya kai inci 11 ko 12, yadda tafin babban mutum zai zauna gaba ɗaya. Faɗinta kada ya gaza mita 1, in da hali a ƙara, don akwai ranar da za a hau da gado da katifa da kayan amarya. A yi taki tara, a samu wurin hutawa, a juyo a yi tara. Wannan zai ci maka wajen ƙafa 8 da 15. Kada ka ji ƙyashin wurin.

Ranar da kafinta yake buga katakon matakalar, ka je da kanka da tef. Auna kowane taki. In ɗaya ya fi sauran ko da rabin inci ne, a nan za a riƙa tuntuɓe har abada, domin ƙafa tana haddace tsayin taki. Wurin da aka fi samun matsalar shi ne takin farko da na ƙarshe, saboda an manta da kaurin tayil da simintin da za a shimfiɗa daga baya. Tayil mai sheƙi kuma ka bar shi a falo. Ƙarfen dafawa a matse tsakaninsa, kada ya wuce inci 4, kan yaro ba zai shiga ba. A sa taga a wurin hutawar, saboda ɗauke wuta.

Hajiya ɗakinta a ƙasa, babu ja. Da banɗakinta a ciki, kusa da tsakar gida, inda za ta fito ta sha iska ƙawayenta su same ta ba tare da hawa ba. Ko bayan ranta, Allah ya ja da kwana, ɗakin zai yi wa mai jego ko marar lafiya amfani, kai ma wata rana gwiwa za ta saukar da kai can. Samarin kuma ka yi musu ɗaki a ƙasa ta wajen ƙofar gida tun yanzu, shekara nawa ce sun girma.

A sama, a ɗora banɗaki a kan banɗaki, bango a kan bango. Bututu zai sauka a miƙe zuwa sokawe, kuma in ya yi yoyo ba a kan gadon wani ko tukunyar miya zai ɗiga ba. Duk inda bangon sama ya faɗo a tsakiyar falon ƙasa, sai an yi bim, wato ginshiƙin kankare na kwance da zai ɗauki nauyinsa, rodi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ka kuma gaya wa mai zanen ya lura da alƙibla wajen dasa masai, gyaransa bayan an yi tayil ɓarna ce. Ɗakunan barci a kauce wa bangon yamma in zai yiwu, a watan Afrilu har tsakar dare bangon yana fitar da zafi; sito da banɗaki da ita kanta matakalar su suka dace da wannan ɓangaren.

In kuɗin ba zai kai a yi saman yanzu ba, duk da haka a yi fandisho da ginshiƙai na bene, a zuba matakalar tare da dekin. Fasa dekin daga baya don a buɗe mata hanya yana yanke rodi. Kuma zanen mai zane kaɗai bai isa ba, ka nemi injiniya ya fitar da lissafin rodi, sannan ka kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, su sa hannu kafin a haƙa rami.

In ka samu dama turo hoton zanen, da inda titi yake da inda gabas take, sai mu duba wurin da kicin zai fi dacewa.