Adashi ya zo hannu: wane kayan kwalliya zan saya mai tsada, wanne zan nemi araha?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mai sana'ar kwalliya ce a Kano. A gida nake yi, wani lokaci kuma a kira ni gidan biki. Yawancin masu zuwa wurina ƙawayen amarya ne da masu zuwa suna, amare kuwa sai jefi-jefi. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, naira 250,000, kuma ina so in zuba su a kayan aiki. Wata ƙawata ta ce in sayi masu manyan suna irin MAC da Fenty ko da guda huɗu ne, wai amare suna leƙa akwati. Wata kuma ta ce in shiga Sabon Gari in cika akwatin da masu araha, har da waɗanda aka kwaikwayi manyan, wai ba mai ganewa. Wacce zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa kuɗin albarka, ya kawo kasuwa.

Ƙawayen nan naki duk su biyun farashin da ke jikin kwalba suke kallo. Ni kuwa abin da nake so ki riƙa tambayar kanki duk lokacin da kika ɗaga wani abu a shago shi ne: idan wannan ya ba ni kunya a fuskar mutum, me zan yi asara? Wani abin in ya ƙi, gogewa za ki yi ki sake, magana ta ƙare. Wani kuwa in ya ƙi, sai bayan kin koma gida zai nuna halinsa, a gaban jama'a, a cikin hoton da za a ajiye har jikoki su gani. Irin wannan na biyun shi ya kamata ya ci mafi yawan kuɗinki.

Saboda haka fandeshan ne farko, wato man da ke daidaita launin fuska, da 'yan rakiyarsa: abin shimfiɗa da ake shafawa kafin shi, da kwansila mai rufe tabo, da hodar da ke kama kwalliya, da feshin ƙarshe. Dubi aikin da kike ɗora musu. Kin gama wa amarya kwalliya bayan la'asar, ta shiga mota, ta zauna ƙarƙashin fitilun wurin dina, an tashe ta rawa, 'yan uwa sun rungume ta, in ranar kai amarya ce kuma ga kuka. Idan bikin ya faɗo a Afrilu ko Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40. Fandeshan maras kyau a nan yake tona kansa: ya taru a gefen hanci, ya tsage a inda ake murmushi, ya koma ja-ja ko toka-toka, ko ya sauka a wuyan leshin da aka kashe wa kuɗi masu yawa. Ba wanda zai tambayi sunan kwalbar. "Wa ya yi mata kwalliyar nan?" za a ce, kuma sunanki ne amsar. A wannan ɓangaren dai gaskiyar Bahaushe ce, araha ba ta ado.

Kuma tsadar tana raguwa a ido idan kika yi lissafin kowace fuska. Yawancin kwalaben fandeshan mililita 30 ne. Mu ɗauka, a misali, mai kyau naira 30,000 ne, kuma don yana rufewa da ɗan kaɗan ya yi miki fuska 40. Kowace fuska ta ci naira 750. Mai araha kuma a ce naira 9,000, amma sai kin yi shafi biyu ko uku kafin ya rufe tabo, ya yi miki fuska 18. Kowace fuska ta ci naira 500. To bambancin naira 250 ke nan, a aikin da kike karɓar dubbai. Waɗannan alƙaluman misali ne kawai, ki saka naki na gaskiya. Ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar da kika buɗe kwalba da yawan fuskokin da ta yi kafin ta ƙare. Da yawa cikin masu sana'ar nan sun san farashin kayansu sarai, amma ka tambaye su nawa fuska ɗaya ke ci musu sai su yi shiru, kuma da wannan lissafin ne ake yanka farashin aiki.

Sai dai da na ce ki kashe kuɗi, ban ce lallai sai na Amurka ko Ingila ba. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Da 250,000, idan kika ce sai MAC da Fenty zalla, kwalabe kaɗan za ki riƙe a hannu, ba burushi, ba fitila, kuma ranar da ɗaya ta ƙare ba ki da kuɗin maye gurbinta. Akwai kamfanonin gida da suka daɗe suna yi wa baƙar fata kaya, irin House of Tara da Tara Fela-Durotoye ta kafa a Legas a 1998, da Zaron, da Nuban Beauty, da Hegai & Esther. Akwai kuma na waje masu matsakaicin farashi kamar Maybelline da Black Opal. Su ma farashinsu ya motsa, amma suna nan a tsakiya, kuma a wannan tsakiyar nake so akwatinki ya zauna a yanzu.

Kada ki sayi ko ɗaya don suna kawai, ki gwada. Ki shafa a muƙamuƙi, kada ki shafa a bayan hannu, don launin hannu daban ne da na fuska. Ki fita waje ki duba a hasken rana. Ki bar shi awa ɗaya ko biyu ki sake dubawa, domin wani yana duhu bayan ya sha iska ya haɗu da maiƙon fata. Da daddare kuma ki kashe fitila ki ɗauki hoto da filashin waya. Akwai hoda da fandeshan da a ido lafiya lau suke, amma da filashi ya haska sai ki ga ƙasan ido ya yi fari fat kamar an watsa gari. Sinadaran da ke mayar da haske ne a cikinsu, irin silika da wasu na kare fata daga rana. Gara ki gano haka a fuskar ƙanwarki a tsakar gida da ki gano shi a shafin mai hoto a Instagram.

Launi kuma ba sai kin sayi goma ba. Uku ko huɗu sun isa: mai haske, matsakaici, mai duhu, da mai duhu sosai, sai ki koyi haɗawa. Wannan haɗin zai yi miki amfani ta wata fuska ma. Kin fi ni sanin yawan masu zuwa miki da fatar da bilicin ya taɓa, fuska wani launi, wuya wani, gaɓoɓin yatsu wani. Abin ya kai har hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Irin wannan fatar ta yi laushi, abu kaɗan ke sa ta kuraje ko raɗaɗi, shi ya sa man da za ki fara shafa mata ma ya zama mai kyau, maras ƙamshi mai ƙarfi, musamman da hunturu lokacin da fata ke bushewa tana ɓarewa. A gefe guda kuma, za a zo ana ce miki ki haɗa da sayar da mayukan haɗi, wai a nan ribar take. Ki rufe kunnenki. Ba ki san me aka zuba a ciki ba, kuma ranar da fuskar wata ta ƙone ƙofar gidanku za a buga.

Yanzu maganar ƙawarki ta biyu. Mai araha daban, jabu daban. Mai araha kamfani ne ya yi abinsa, ya sa sunansa da adireshinsa, ya rubuta abin da ke ciki, ya sayar daidai ƙarfinsa. Jabu kuwa wanda ya yi shi ya ɓoye a bayan sunan wani ne, don haka ba wanda za a kama in ya yi ɓarna, ba kuma abin da zai hana shi zuba duk abin da ya samu. A ganina shi ne mafi munin sayayya a kasuwar nan, don kina biyan kuɗin suna ne a kan abin da ko mai araha na gaskiya ya fi shi. Batun "ba mai ganewa" kuma ya wuce. Amaryar da ta damu da suna har take leƙa akwati, ita ce wadda ta san yadda na gaskiyar yake. Idan kika ga abin da ake sayarwa dubu arba'in an ce ki kawo dubu shida, kin riga kin samu amsa. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ko lambar rukunin da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin kwalba, ki shinshina. Lambar ma ana iya buga ta ƙarya, don haka abin da ya fi tsare ki shi ne ki riƙe dila ɗaya ko biyu masu shago tsayayye, waɗanda ke ba da rasit kuma suke karɓar kaya in an dawo da shi.

Inda za ki tsuke hannu kuwa yana da yawa. Jambaki, man leɓe mai ƙyalli, jagira, hodar kumatu, kalolin saman ido, ƙyalƙyali, gashin ido na roba, auduga da tsumman goge fuska, duk masu araha na gaskiya suna aiki. Yayi ne ke juya su, kalar da ake rububi bana baɗi ba mai tambayarta. Faranti ɗaya mai kyau na kalolin ƙasa-ƙasa da ruwan zinari, wanda za ki taɓa kullum, ki ɗan ƙara masa kuɗi. Shuɗi da kore da ake nema don a dace da anko sau ɗaya a wata, ki ɗauki mafi sauƙi.

Kayan ido suna da nasu hukunci. Maskara ki sayi mai araha, amma ki riƙa jefar da ita bayan kamar wata uku da buɗewa, shi ya sa sayen mai tsada asara ce gare ki. Ki sayi 'yan sandunan shafa ta na yarwa, kowace mace da nata, domin lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo, sanda ɗaya ta isa ta zagaya da shi ga ƙawayen amarya kaf. Gam ɗin gashin ido kuwa ki sayi nasa na ainihi. Na san wasu suna amfani da baƙin gam ɗin da ake manna gashin kai don ya fi araha ya fi riƙo. Ba don fatar ido aka yi shi ba, kuma ragin da za ki samu bai kai kuɗin katin asibiti ba. Haka kwallin dutse na gargajiya: gwaje-gwaje sun sha nuna akwai dalma a cikin irinsa, don haka a wurin sana'a ki tsaya ga fensirin ido mai rajista.

Burushi da fitila su ne jarin da ba ya ƙarewa da amfani. Burushi biyar ko shida masu kyau, na fandeshan, na hoda, na baje kala a saman ido, na gira, sun fi saitin guda talatin da ke zubar da gashi a fuskar mutane. In kina wanke su da sabulu mai laushi, ko sabulun salo ma ya yi, kina shanya su a kwance, za su yi miki shekaru. Soso ki sayi masu sauƙi da yawa ki riƙa canzawa. Fitilar nan mai zagaye kuma ki nemi wadda ke aiki da caji ko fawa-bank, don kin san halin wuta, kuma ɗakin amarya a gidan biki galibi a cike yake, taga ɗaya, ita ma an tsaya a gabanta. Da wannan fitilar za ki ɗauki hotunan da za su kawo miki amare, don haka tana cikin kuɗin talla.

Abu ɗaya a wasiƙarki ban yarda da shi ba, wato zuba kuɗin gaba ɗaya. Kayan kwalliya suna mutuwa. Ki juya kwalba za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu kamar 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Zafinmu kuma yana gaggauta abin: jambaki ya narke, fandeshan ya rabu, mai a sama ruwa a ƙasa. Ga shi kin ce amare jefi-jefi suke zuwa, to kwalba mai tsadar da za ta shekara ba ta kai rabi ba kuɗi ne kwance yana lalacewa.

Da ni ce, zan ware kamar 50,000 in ajiye a asusu daban, ba na cefane ba, ba na anko ba, don cike gurbin abin da ya ƙare a tsakiyar kakar biki, irin ta Disamba da ta gab da azumi. Cikin sauran, kusan rabi ya tafi ga fandeshan da 'yan rakiyarsa, kamar 60,000 ga burushi da fitila, abin da ya rage ya sayo kaloli, gashin ido, gam da kayan tsafta. Daga nan kowane aiki kika yi, ki cire kuɗin kayan da fuskar ta ci ki mayar asusun kafin ki kira sauran riba.

Manyan sunayen kuma lokacinsu zai zo, amma amarya ce za ta saya miki su. Ki yanka farashi biyu, na ƙawaye da na amarya. Ranar da wata ta ce ita lallai sai Fenty, ki gaya mata farashin wannan aikin daban ne, ki karɓi kafin alƙalami, ki je wurin dilan da kika amince da shi ki sayo launin da ya dace da ita. Abin da ya rage a kwalbar ya zama na akwatinki.