Ɗana ya ƙi zaman karatu, sai wasa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 4 ya ƙi zama ya yi rubutu, sai wasan ƙasa. Ki kwantar da hankalinki, a shekarun nan ta wasa yaro yake koyo. In yana jera murafun kwalba, ki ce ya ƙirga miki, ko ya ware jajayen gefe guda. Lissafi ya fara ke nan. Zane da tsinke a ƙasa kuma yana saba wa yatsunsa riƙon fensir.

Banda duka, banda miƙa masa waya don ki huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana ga sa'anninsa.

Amma in ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko har yanzu maganarsa ba ta fita, ki kai shi wurin likitan yara.